Yadda Ake Gane Zafin Injin Tsohuwar Motar Daji: Wanne Ne Daidai, Wanne Ne Alamar Matsala

Duk mai tsohuwar Land Cruiser ko Hilux ko Pajero ko Patrol a Bauchi ya san yadda tuƙi yake daga watan Maris zuwa farkon Mayu. Rana ta wuce digiri 40, kwalta na turiri, ido ɗaya na kan hanya, ɗayan na kan allurar zafi. Tambayar da ake yawan yi a gareji ita ce, nawa ne zafin da ya kamata ruwan inji ya kai?

Amsar a taƙaice: injin da yake lafiya, bayan ya gama ɗaukar zafi, ruwansa yana zama ne tsakanin digiri 80 zuwa 95. Idan kana hawan tudu da kaya, ko kana fama da yashi, ko kana tsaye cikin cunkoso da esi a kunne, ya taɓa 100 ko ya ɗan haura ba abin tashin hankali ba ne, muddin zai sauko da zarar wahalar ta wuce. Daga 105 ka fara sassauta masa. A 110 ka nemi gefen hanya. Wanda kuma ya yi tafiyar rabin awa ruwansa bai kai 70 ba, shi ma ba lafiya gare shi ba, ko da yake mutanenmu shi suke yaba wa.

Sai dai allurar da ke gabanka ba ta ba ka waɗannan lambobin. C ce a ƙasa, H a sama, sai jan layi. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, a motoci irin Land Cruiser 80, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997, da gangan aka yi allurar ta tsaya cak a tsakiya. Tun ruwa yana wajen 80 take nan, kuma ba za ta motsa ba har sai ya haura 100. Kamfani ya yi haka ne don kada direba ya riƙa firgita da ɗan hawa da saukar da ba komai ba ne. Illar ita ce, ranar da ka ga ta fara tashi, an riga an ci rabin tazarar da kake da ita. Shi ya sa "allura na tsakiya" ba amsa ba ce. Abin da ya kamata ka yi shi ne ka auna motarka yanzu da take lafiya, ka san lambobinta na kanta, don ranar da suka sauya ka gane tun kafin tururi ya gaya maka.

Mataki na farko: da safe, kafin ka taɓa makulli

Awon zafi ba shi da amfani idan ruwa bai cika ba. Buɗe bonet inji yana sanyi, wato ya kwana bai yi aiki ba. Cire murfin lagireto ka leƙa, ruwa ya kamata ya zo har wuya. Kada ka dogara da robar ajiyar da ke gefe kawai, domin tana iya nuna cike alhali lagireto ya yi ƙasa, idan murfi ya daina jawo ruwa baya ko ɗan siririn tiyon da ya haɗa su ya tsage.

Dubi kalar ruwan. Ja ko kore mai haske, madalla. Ruwan ƙasa mai tsatsa yana nufin an daɗe ana zuba ruwan rijiya. Idan ka ga maiƙo yana yawo a kai, ko ka zaro sandar baƙin mai ka tarar ya koma kalar shayi da madara, ajiye maganar awo, mota ta gareji ce.

Matsa tiyon sama da hannu. Da sanyin safiya ya kamata ya matsu cikin sauƙi. Wanda ya kwana yana da tauri, ka sa masa alamar tambaya, za mu dawo kansa. Danna fambel da babban yatsa, kada ya lotsa fiye da kusan santimita ɗaya. Sannan ka tsuguna ta gaba ka haska tocila tsakanin kwandensar esi da lagireto. Nan ne ɓarnar daji take taruwa: ƙarangiya, tsabar ciyawa, fuka-fukan fara, busasshen taɓo tun na damina. Motar da ta yi kaka tana shiga gonaki ta wajen Ningi ko Alkaleri za ka iya tarar da rabin fuskar lagiretonta a toshe, daga waje kuwa ba a ganin komai. A wanke ta baya zuwa gaba da ruwan tiyo mai sauƙi. Injin wankin mota mai ƙarfi yana kwantar da siraran haƙoran lagireto, gyara ya koma ɓarna.

Mataki na biyu: samo abin da zai ba ka lamba

Hanya uku ce, kuma shekarun motarka ne za su zaɓa maka.

Idan mai fetur ce da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 zuwa sama, tana da soket ɗin OBD2, wato inda ake haɗa na'ura da kwamfutar motar, a ƙarƙashin sitiyari. Motocin Turai sun samu nasu daga baya, masu fetur a 2001, masu gas a 2004. Akwai 'yar na'ura mai suna ELM327 da ake soka wa a wurin, ta haɗu da wayarka ta Bluetooth, sai manhaja irin Torque ta nuna maka zafin da kwamfutar motar take gani. Wannan ita ce mafi sauƙi. Ka dai lura da ma'aunin da ta saita, domin na Amurka Fahrenheit ne: 180 nasu shi ne 82 namu, 212 shi ne 100, 230 shi ne 110. Mutum ya ga 195 a waya ya kashe mota a guje, alhali digiri 90 ne da ɗan ɗoriya, lafiya lau.

Tsofaffin masu gas kuwa, irin 1HZ na Land Cruiser, da 3L na Hilux, da TD42 na Patrol, da 300Tdi na Land Rover, ba su da kwamfutar da za ka tambaya. Su sai bindigar awon zafi, wadda ake nuna wa abu daga nesa ta ba da lamba. Ba irin wadda aka riƙa nuna mana a goshi lokacin korona ba, wannan iyakarta digiri 40 da 'yan kai. Ta masu aikin inji ake nema, mai kai wa ɗaruruwa, ana samunta wajen masu sayar da kayan lantarki da kayan aiki.

Ta uku, wadda ni na fi so ga mai yawan shiga daji, ita ce a sa geji na daban mai nuna lamba. Ana yanka tiyon sama a saka ɗan guntun bututun ƙarfe mai ramin sensa, a ja waya zuwa dashbod. Aikin awa ɗaya ne wajen mai riwaya da ya san hannunsa. Ka tabbatar bututun daidai yake da faɗin tiyonka, kuma an ba shi waya ta ƙasa mai kyau, in ba haka ba lambar za ta riƙa rawa.

Bindigar tana da hali. Ƙarfe mai ƙyalli yana ruɗa ta, ta ba da lamba ƙasa da gaskiya. Saboda haka ka nemi wuyan ƙarfen da tiyon sama yake fitowa daga kan inji, ka manna masa ɗan baƙin salatif ko ka ɗiga baƙin fenti, kullum nan za ka riƙa nunawa, daga tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Idan ka auna jikin tiyon roba, ka san ruwan da ke ciki ya fi abin da ka gani da 'yan digirori. Kuma ka kula da hannun rigarka kusa da fanka, babbar riga da injin da ke aiki ba sa shiri.

Mataki na uku: kalli yadda take ɗaukar zafi

Mayar da murfi, tada inji, ka riƙa aunawa duk bayan minti biyu ko uku. Abin da kake nema shi ne lokacin da tamostat zai buɗe. Tamostat ɗan bawul ne da yake tare ruwa kada ya je lagireto har sai inji ya yi ɗumi, kuma an buga lambar da yake fara buɗewa a jikinsa. A irin waɗannan motocin za ka ga 76, ko 82, ko 88. Injin 1FZ-FE mai fetur, mai lita 4.5, na 82 ake sa masa. 1HZ yakan zo da na 76. Na 300Tdi yawanci 88 ne. Kenan tun daga nan ka ga cewa motoci biyu lafiyayyu suna iya bambanta da digiri 10, kuma ba wadda ta yi laifi. Wannan ne ya sa ba a aron lambar motar maƙwabci.

Lambar za ta riƙa hawa a hankali, ta kai wajen abin da aka buga, sai ta tsaya ko ma ta ɗan koma baya. A daidai lokacin lagireto da tiyon ƙasa, waɗanda suke da sanyi tun ɗazu, za su fara ɗumi. To ya buɗe kenan. A injin Toyota irin 1HZ da 1FZ, tamostat yana ta wajen tiyon ƙasa ne, inda ruwa yake komawa cikin inji, don haka abin da za ka auna a wuyan sama zai ɗara lambar da aka buga da 'yan digirori. Kada wannan ya dame ka.

Injin gas ba ya saurin ɗumi a silo, wato yana aiki a tsaye ba a taka totur ba, musamman da safiyar hunturu a watan Disamba ko Janairu. Idan ka gaji da jira, zagaya unguwa. Tafiyar minti 10 zuwa 15 ta isa. Amma idan tun a minti na uku ka ji lagireto gaba ɗaya ya fara ɗumi tare da inji, kuma lambar ta maƙale a 60 da wani abu ta ƙi gaba, to ko dai tamostat ya maƙale a buɗe, ko kuma wani ya riga ya cire shi tun kafin motar ta zo hannunka. A motocin da suka zaga hannu uku ko huɗu, na biyun ya fi yawa.

Mataki na huɗu: fita da ita, da biro da takarda

Nan ne ainihin aikin. Kana buƙatar lamba daga yanayi daban-daban, kowanne kuma ka rubuta lokaci, da yadda garin yake, da ko esi na kunne.

Fara da cikin gari da tsakar rana. Cunkoson Wunti ko na bakin kasuwar Muda Lawal ya wadatar. In ba ka son shiga, tsaya a gida ka bar ta a silo minti 20 da esi. A nan iskar hanya ba ta taimaka mata, fanka ce kaɗai ke aiki, ga kwandensa tana hura wa lagireto iska mai zafi. Lafiyayyar mota za ta zauna tsakanin 88 zuwa 98, gwargwadon tamostat ɗinta, ta tsaya a nan.

Sai miƙaƙƙen titi. Kama hanyar Gombe zuwa Dindima, ka riƙe gudun kilomita 90 zuwa 100 na tsawon minti 20. Yawanci nan za ka ga 82 zuwa 92. Idan da bindiga kake awo, tsaya a gefe, bar inji yana aiki, ka auna nan take. Kada ka kashe sannan ka auna, domin da zarar famfon ruwa ya tsaya zafin da ke jikin ƙarfe yana taruwa, lambar ta yi tsalle da digiri 5 zuwa 10 cikin 'yan mintuna. Wannan tsallen ba ciwo ba ne, kowane inji yana yi.

Tunda ka tsaya, auna saman lagireto da ƙasansa. Ƙasa ya kamata ya fi sama sanyi da kimanin digiri 10, ko ƙasa da haka kaɗan ko sama. Sannan ka kashe inji, ka bi bayan lagireto da bindiga daga hagu zuwa dama. Zafi ya riƙa raguwa daga sama zuwa ƙasa bai ɗaya. Duk inda ka samu wani fili mai sanyi a tsakiyar masu zafi, bututun wurin sun toshe, ruwa ba ya bi.

Jarabawar gaske ita ce hanyar Jos. Bauchi tana kan tsayin mita 600 da 'yan kai daga teku, Jos kuwa wajen 1,200, kuma daga Nabordo zuwa Magama har Tilden Fulani hawa ake yi. Ɗauki mutane ko kaya kamar yadda ka saba, kunna esi, ka sa wanda ke gefenka ya riƙa karanta lambar. Za ta hau, 95, 98, wataƙila 101. Abin lura ba inda ta kai ba ne kaɗai, a'a, me take yi bayan ka gama hawan. Idan cikin minti biyu ko uku ta fara gangarowa zuwa inda take a da, tsarin sanyayawarka yana da sauran ƙarfi. Idan kuwa kowane tudu yana ƙara mata biyu ko uku kuma ba ta biya bashin a gangara, to tana tara zafin da ba ta iya zubarwa, ko da allurar dashbod ba ta ce uffan ba.

Akwai wata alama da masu Land Cruiser 80 mai fetur ya kamata su sani. Motar tana yanke esi da kanta idan ruwa ya kai wajen 108. Kana cikin hawa sai ka ji iska ta daina sanyi haka kawai, bayan ka gangara ta dawo. Mutane sukan wuce wajen mai esi a ƙara gas, alhali inji ne yake kuka.

Na ƙarshe shi ne yashi ko taɓo da ogzilari a ciki, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja. Inji yana aiki da ƙarfi, mota ba ta gudu, iska ba ta shiga. Nan ne za ka ga lamba mafi girma, kuma nan ne tuƙinka yake da tasiri. Giya babba da totur a ƙasa ita ce ke dafa inji. Sauko giya ɗaya, inji ya ɗan ɗaga murya, famfon ruwa da fanka su ƙara juyi, sai ka ga zafi ya sauka. Mai otomatik ya fi buƙatar wannan, saboda man giyarsa ta cikin lagireto yake bi ya huce, duk zafin da giya ta haifar a yashi kan ruwan inji yake ƙarewa. Rage iskar taya zuwa wajen 20 a gejin mai faci yana sauƙaƙa wa mota a yashi sosai, amma ka nemi mai faci ya mayar kafin ka hau kwalta da gudu.

Mataki na biyar: karanta abin da ka rubuta

Lambobin nan, idan ka jera su, su da kansu suke nuna inda ciwon yake.

Zafi a cunkoso, sanyi da an fara gudu: iska ce ba ta isa. Fara da kulocin fanka. Yawancin waɗannan motocin fankarsu ba ta lantarki ba ce, tana kan wani curin alminiyam mai man silikon a ciki, wanda yake kamawa idan iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi. Alamar mai lafiya ita ce, da ka tada inji da safe za ka ji fanka ta yi gurnani na ɗan lokaci sannan ta yi shiru, kuma idan inji ya yi zafi gurnanin ya dawo. Kashe inji yana da zafi, ka juya fankar da hannu. Ta yi nauyi, ta tsaya da ka sake ta. Wadda ta ci gaba da juyawa sakaka, ko kuma ka ga baƙin maiƙo da ƙura a tsakiyarta, manta ya tsiyaye. Na Toyota na asali ana iya kwance shi a sake zuba man silikon. Abin da ba na so shi ne a ɗaure ta da ƙusa ko walda ta koma dairek. Zafin zai sauka, gaskiya ne, amma ga ƙara, ga shan mai, ga wahalar da famfon ruwa, kuma ranar da ka shiga rafi da ita fuka-fukan za su lanƙwashe su yanki lagireto. Duba kuma ko robar da ta kewaye fanka tana nan. Makanikai sukan cire ta don ta tare musu hannu, su manta da ita a ƙasan benci, alhali ita ce ke tilasta wa fanka ta jawo iska ta cikin lagireto ba ta gefe ba.

Lafiya a gari, zafi a kan titi ko a tudu: ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko lagireto ya gaza. Toshewar ciki ce ta fi yawa. Wani lokaci tiyon ƙasa ne ya tsufa yake shaƙewa idan inji ya ɗau wuta. Sa wani ya taka totur kana kallonsa. Wani lokaci kuma tsatsa ce ta cinye fuka-fukan famfon ruwa.

Zafi cikin 'yan mintuna, tiyon ƙasa kuwa sanyi ƙalau: tamostat ya maƙale a rufe, ko iska ta shiga bayan an canza ruwa.

Allura tana motsi idan ka kunna fitila ko ka danna hon, bindiga kuwa ta ce ba abin da ya sauya: wayar ƙasa ce ta yi tsatsa, aikin mai riwaya ne, ba na makaniki ba.

Sai mafi muni. Ruwa yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, tiyon sama yana kwana da tauri, robar ajiya tana ambaliya, kuma idan ka buɗe murfi da sanyi ka tada inji kumfa tana ta fitowa ba ƙaƙƙautawa. Hayaƙin cikin silinda ne yake shiga ruwa, wato tof gasket ya ƙone ko kan injin ya tsage. Injunan da kansu na alminiyam ne, irin 1KZ-TE na Prado, da 4M40 na Pajero mai lita 2.8, da 300Tdi, ba sa yafe obahitin. Sau ɗaya mai tsanani ya isa. Masu kan baƙin ƙarfe irin 1HZ da TD42 sun fi haƙuri, amma haƙurin nasu ma yana da iyaka.

Maganar cire tamostat

Ka kai mota gareji da ƙorafin zafi, kafin ka gama bayani za ka ji, "Alhaji, ai wannan abin na ƙasar sanyi ne, mu nan cire shi muke yi." Amsar da ta dace ita ce, "Maigida, bar min shi, in ya mutu a sa sabo."

Tamostat ba ya ƙara wa inji zafi sama da lambarsa. Da ruwa ya kai wajen 95 zuwa 100 ya riga ya buɗe gaba ɗaya, ba abin da yake tarewa. Motar da take kai 110 da shi a ciki, matsalarta tana wani wurin, cire shi ɓoye ta kawai zai yi na ɗan lokaci. Abin da za ka samu shi ne injin da ke yawo a 60 duk hunturu, yana shan mai, baƙin mai yana saurin lalacewa, silinda tana ci. A mai fetur mai kwamfuta, kwamfutar za ta ɗauka har yanzu inji bai yi ɗumi ba, ta ci gaba da ƙara masa mai. Sannan a injuna da yawa tamostat yana da faifai na biyu a gindinsa, wanda yake rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya je lagireto ba. Ka cire shi, hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa kauce wa lagireto. A hawan Jos sai ta fi da zafi.

Gwada shi ba wuya. Ɗaure shi da zare ka rataya a tukunyar ruwa kada ya taɓa gindi, ɗora a wuta, kana auna ruwan. Ya fara buɗe baki a kusa da lambarsa, kafin ruwa ya tafasa ya buɗe kusan santimita ɗaya, in ya huce ya rufe ruf. Wanda ya kasa ɗaya daga cikin ukun, a jefar. Wajen sa sabo, akwai ɗan ƙaramin rami mai 'yar ƙusa mai motsi a gefensa, wannan yana kallon sama, ta nan iska ke fita.

Murfi da ruwa

Murfin lagireto ya fi kowane abu araha a tsarin, kuma shi aka fi rainawa. A tsayin Bauchi ruwa yana tafasa ne a wajen 98, a Jos 96. Murfin da aka rubuta wa 0.9 yana riƙe matsin da yake ɗaga wannan zuwa kusan 118, mai 1.1 ya ɗan fi haka. Shi ya sa inji yake iya aiki a 102 ba tare da ya tafasa ba. Idan robar murfin ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, motar da ba ta da wani laifi za ta yi amai a tudun farko. Sayi mai lambar da kamfani ya sa. Kada ka ƙara lamba a kan tsohon lagireto mai tankin roba, fashewa zai yi.

Ruwan rijiya da na burtsatse kuwa, leƙa cikin butar mai shayi ka ga farin ɓawon da ya kama gindinta, shi ne yake kama bututun lagireto da cikin inji. A yi amfani da kulan, wato ruwan lagireto mai kala da ake sayarwa, ko wanda aka riga aka haɗa, ko mai kauri a surka da tataccen ruwa irin na batir marar asid, kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Ba don ƙanƙara muke sa shi ba, don tsatsa ne da ɗaga wurin tafasa. Kada a gauraya ja da kore, kuma irin na da ana canza shi duk shekara biyu. Wanda aka zubar a kawar da shi nesa da yara da awaki da kaji, yana da zaƙi kuma guba ne.

Idan ta tashi kana cikin daji

A ce ka shige ƙofar Mainamaji ta gandun dajin Yankari ka nufi Wikki, tafiyar kusan kilomita 40 ba gareji ba mai faci, sai lamba ta wuce 105 tana ci gaba. Kashe esi. Idan hitar motar tana nan ba a yanke tiyonta ba, kunna ta zuwa ƙarshe ka sauke gilasai. Za ka sha wuya, amma ƙaramin lagireto ce, tana janye zafi. Rage gudu, sauko giya. In ta fara sauka, ci gaba a hankali.

In ta ƙi, tsaya, juya hancin motar ya fuskanci iska, buɗe bonet. Muddin ruwa bai zube ba kuma fambel yana nan, bar inji yana aiki, ka ɗan ɗaga shi sama da silo, zai fi saurin hucewa fiye da a kashe. Amma in ka ga tururi, ko ruwa na zuba a ƙasa, ko fambel ya tsinke, kashe nan take.

Ka kiyayi allurar da ta hau sannan ta faɗo ƙasa da kanta ba dalili, musamman in hita ta koma hura sanyi. Ba sauƙi aka samu ba, ruwan ne ya ƙare, sensa tana zaune a cikin iska ba ta da abin aunawa. Injuna da yawa a haka suka tafi.

Kada ka taɓa murfi sai tiyon sama ya yi laushi kuma kana iya riƙe shi da hannu, abin da yakan ɗauki rabin awa ko fiye. Ɗora tsumma mai kauri, juya zuwa tsayawar farko, kau da fuska, bar iska ta gama fita, sannan ka cire. Tada inji, ka riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan yana aiki. A wannan halin kowane ruwa mai tsabta ya yi, ko fiya wata ne, in ka dawo gari a zubar a sa kulan. Tsarin babbar Land Cruiser yana cin sama da lita 10, don haka galan ɗin da za ka riƙa ajiyewa a but kada ya gaza haka, tare da fambel na ajiya, da kilif biyu na tiyo, da murfi sabo. Bayan an dawo gida, kwana bakwai na farko ka riƙa buɗe murfi kowace safiya kana duba ko ruwa ya ragu, sannan ka sake bin hanyar Dindima ka gwada sabuwar lambar da wadda ke cikin takardarka.